Shirun da Na Yanke

Akwai wani hantsi da na yi a ɗakin mahaifiyata wanda na san har in koma ga Allah ba zai bar raina ba. Ba gobara aka yi ba, ba kuma rasuwa. Zama kawai muka yi bisa tabarma, ni da ita, da ƴar na'urar ɗaukar murya a tsakaninmu.

Ni ne ɗan farinta. Wanda ya tashi a ƙauyukanmu na wajen Buza ya san abin da hakan ke nufi, wanda bai sani ba kuma bari in gaya masa: uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari. Kunya ce, haka aka tarar. Ina yaro, in Inna tana son aikena sai ta dubi bango ta ce, "A ce ma wancan shi kawo ruwa," ko da kuwa daga ni sai ita a gidan. Da aka sa ni lakkwal, wato makarantar boko, na zama "ɗan lakkwal". Da na tafi jami'a na zama "na Yamai", a nan kuma na tsaya har na yi gemu. Ƙannena kuwa tun daga bakin rijiya take ƙwala musu kira, har da ƙarin kirari. Ban taɓa shakkar tana sona ba, don kwanon da ya fi nama kullum gabana yake sauka, ba tare da ta dube ni ba. Amma boko ya lalata ni, na yarda. Na zauna da abokai waɗanda uwayensu ke kiransu a waya suna jan sunansu, su kuma suna ɓata rai wai an dame su. Ni kuwa sai in ce ina ma ni ne.

Aikina shi ne koya wa na'ura jin Hausa. A lokacin, na'urorin da ake da su duk da muryoyin gidajen rediyo aka horar da su, Hausar Kano tsantsa. In manomin yankinmu na Adar ya ɗauki waya ya ce "munka tahi", sai na'urar ta rubuta wani shirme da ko ita ba ta san ma'anarsa ba. Maganin abin shi ne a tara muryoyin mutanenmu, tsofaffi da matasa, maza da mata, daga Madawa da Buza da Keita, kowa ya faɗi jimloli a ɗauka. Mai karatu ya karanta da kansa, wanda bai yi boko ba a karanta masa ya maimaita da irin bakinsa. Mu muke rubuta jimlolin a buro, wato ofishinmu: zancen gona, zancen kasuwa, zancen asibiti, da sunayen garuruwa da na mutane, don su ma dole na'ura ta san su.

A nan shaiɗan ya raɗa mini. Ina tsara takardar da zan tafi da ita gida, sai na ƙara jimla guda da hannuna, na cusa ta can tsakiya inda mutum ya riga ya saki jiki. Jimla ce ba ta da laifi, wani mutum ne ya kai gero kasuwar Bangi. Sai dai mutumin sunana gare shi. Sunan nawa kuwa ba baƙo ba ne, in ka tsaya tsakiyar kasuwar Buza ka kira shi, mutum goma za su waiwayo. Na ce wa kaina ai aiki ne. Ƙarya nake, so nake in ji shi daga bakinta sau ɗaya, in kuma riƙe shi.

Na isa gida da kaka, an gama yankan gero, dammuna jibge a bakin rumbuna. Ɗaukar murya tana son wuri shiru, ƙauye kuwa ba ya shiru. Sai da muka jira mata suka gama dakan safe. Ƙanwata, wadda ke bi mini, ta kora awaki bayan gida, ta rataya bargo a ƙofar ɗaki, ta zauna a waje da kara a hannu tana gadin kaji. Na bayyana wa Inna abin da za a yi da muryarta, cewa na'ura ce za ta saurara ta koyi maganarmu. Ta kalli abin a kaikaice.

"Wanga ɗan abu shi ka koyon magana? To mi ya hana a kai shi lakkwal?"

"Ke ce lakkwal ɗin, Inna."

Ta yi tsaki, amma na ga ta gyara zama, ta gyara kallabi, sai ka ce hoto za a ɗauka.

Muka fara. In karanta "Mun tafi gona da sassafe", ta ce "Mun tahi gona da sassahe". Ta tsaya ta tambaya ko ta ɓata. Na ce ba ta ɓata ba, abin da muka zo nema ke nan. Daga nan fa ta saki jiki. Wata jimlar ta gyara mini ita, ta ce ba a shuka albasa a watan da aka rubuta, wanda ya rubuta bai taɓa riƙe kwasa ya yi noma ba. Wata ta yi dariya kafin ta faɗa. Tunda nake, ban taɓa zama da ita muna fuskantar juna tsawon haka ba. Na'urar ta zama mana bango, ita tana yi wa na'ura magana, ni ma haka, a haka muka yi hirar da ba mu taɓa yi ba. Da ina da hankali da na tsaya a nan.

Muka iso jimlar. Na karanta ta da muryar da na karanta sauran, ban ɗaga kai ba.

Ta ce, "Wane ya kai gero kasuwar Bangi."

"Inna, ba wane anka rubuta ba."

"To wa anka rubuta?"

Na sake faɗin sunan.

Ta yi shiru. Ina da abin ji a kunnuwana, saboda haka duk abin da na'urar ta kama yana shigo mini kusa-kusa. Na ji ta ja numfashi kamar za ta fara. Na ji leɓunanta sun rabu. Na ji ta haɗiye. Na ji farcenta yana karce bakin tabarma, a waje kuma kaza ta yi ƙara ƙanwata ta kore ta. Ta sake jan numfashi, ya fi na farko tsawo, ta riƙe shi. Na ɗaga ido na ga ba na'urar take kallo ba, hannuna take kallo, wanda ke riƙe da takarda. Sannan ta saki numfashin da wata ƴar dariya ta hanci, ta ce, "Wuce ta gaba."

Ni kuwa, ɗan boko, sai na tsaya gardama. "Aiki na hwa, Inna. Suna na kawai. Masu sunan ga dubu nawa ne cikin ƙasag ga?"

Ta ce, "Dubun nan ni na haihe su?"

Ba ta ɗaga murya ba. Ta miƙa hannu ta ɗauki takardar daga hannuna, ta juya ta ƙasa bisa tabarma, ita da ba ta san ko harafi ɗaya ba, ta tashi ta yaye bargon ta fita duba tukunya.

Ƙanwata ta leƙo, kara a hannu, tana dariya har da riƙe ciki. "Yaya, kai da karatunka duka, tarko kaz zo ka ɗana ma Inna? Tun da kaf fara karanta ta muryarka ta canza, ni da ni ke waje na ji." Haushi nake ji, irin haushin yaron da aka kama da hannu cikin kwano. Washegari Inna ta dawo da kanta muka ƙarasa sauran jimlolin, ba wanda ya tada zancen. Ranar da zan tafi ta ɗaure mini gabu, busasshen ganyen albasa, da ƙuli-ƙuli a leda, ta ce "Allah shi kiyaye hanya," tana kallon awaki.

A Yamai aiki na biyu ke jira, wanda muke kira tsaftacewa. A fuskar ordinata, wato kwamfuta, murya tana fitowa tudu-tudu, shiru kuwa layi ne miƙaƙƙe. Ƙa'ida ita ce a yanke shiru mai tsawo, a zubar da duk jimlar da ba ta dace da rubutunta ba, don kada na'ura ta rikice. Na iso wurin. Ga ɗan tudun "wa anka rubuta", ga nawa ina sake faɗin sunan, ga dogon layi, ga tudun "wuce ta gaba". Ban ko saurara ba. Na ja alama a kansa na goge, da sauran haushin nan a raina, na ce ai ba komi a ciki. Katin na'urar ma na share shi tas, don sati mai zuwa za ni Keita, ina bukatar wuri.

Damina biyu bayan haka Inna ta kwanta, ciwon ƴan kwanaki. Na kamo hanya da aka kira ni, amma ina Madawa ina neman motar Buza waya ta sake ƙara. Na iso an riga an kai ta.

Watanni suka wuce ina aiki kamar wanda ake turawa. A lokacin mun koma wani ɓangaren, sa na'ura ta yi magana da kanta, abin kuma ya yi nisa har jimloli kaɗan sun isa ta kwaikwayi muryar mutum. Wani abokin aikina, mutumin kirki wanda ya san labarina, ya same ni wata la'asar a buro. Ya ce, "Muna da muryarta mai kyau, ka sani. In kana so, minti kaɗan ne." Na san ba don wannan ta ba ni muryarta ba. Ta yarda na'ura ta saurare ta, ba ta yarda a sa mata magana a baki ba. Na san haka sarai, na kuma ce masa ya yi.

Ya haɗa, ya tashi ya ba ni kujera, ya fita ya ja ƙofa. Na rubuta sunana, shi kaɗai. Na daɗe ina kallonsa kafin in danna.

Ta faɗa. Muryar Inna ce, da ɗan kaushin nan nata, da yadda take jan ƙarshen kalma. Ta faɗe shi tsaf, ba tangarɗa, kamar malamin lakkwal yana kiran sunaye a aji. Na sake dannawa, ta sake faɗa, daidai da na farko. Da na danna sau ɗari da ta faɗa sau ɗari. Na zauna ina jiran kukan da na shekara talatin da wani abu ina tanadi, bai zo ba. Abin da na ji shi ne kunya, kamar na leƙa ɗakin da ba a ba ni izini ba na tarar ba kowa a ciki.

Na tura wa ƙanwata ta waya, ban rubuta komi ba. Ba a jima ba ta maido da saƙon murya. Na ji tana jan hanci.

"Yaya, murya kam tata ta. Amma wagga mata ba ta taɓa haihuwa ba. Don Allah goge ta."

Na goge. Sannan na shiga neman abin da na zubar. Na buɗe duk inda muke ajiya, na tambayi mai kula da na'urorinmu, na tono tsohon katin na sa aka gwada ko za a iya maido da wani abu. Muryoyin mutanen Keita ne a kai, sun hau bisa nata. Ina da Inna tana zancen albasa, ina da ita tana kiran sunayen garuruwa, Urno da Bangi da Tawa, ina da dariyarta guda biyu da suka tsira. Duk abin da na sa ta faɗa yana nan. Wurin da ta ja numfashi sau biyu da sunana a bakinta, ta riƙe shi, ta kalli hannuna, shi ne babu, kuma ba wani ya ɓatar ba.

Ina kewarta. Ina kewar "wancan", ina kewar a dubi bango a aike ni. Wani lokaci in ina tafiya cikin kasuwa aka kira sunana, in waiwaya in ga da wani ake, sai in tuna akwai mutum ɗaya a duniya da sunan ya yi wa nauyi har ta kasa ɗaga shi, kuma ta tafi.

Har yanzu aikin nake yi, ina kuma sonsa. Yau tsohuwa a ƙauyenmu tana iya yi wa waya magana da bakin Adar a fahimce ta, muryar Inna na cikin waɗanda suka sa hakan ya yiwu. Amma duk sabon ma'aikacin da zan tura ɗaukar murya, abu biyu nake gaya masa. Kada ya taɓa share ɗanyen abin da ya ɗauko, kuma kada ya yanke shirun kowa sai ya sa shi a kunne ya saurara har ƙarshe. Abin da na koya ke nan, a makare: mutanenmu ba duk abin da ke ransu suke sa wa baki ba, mafi tsadar ma shi suke riƙewa. Inna ta amsa mini ranar nan, cikakkiyar amsa, da irin harshen da ta iya. Ni ne na duba na ga layi miƙaƙƙe, na ce ba komi a ciki.