Geron Dundaye a Tsaunin Mambila

Ƙanen mahaifina ya bar Sakkwato tun ban san kaina ba. Ya bi masu fataucin shanu zuwa tsaunin Mambila, ya yi aure can, bai sake dawowa ba. A gidanmu na Tudun Wada muryarsa kawai muka sani, ita ma sai ranar Sallah a waya.

Wata shekara, bazara na ƙarewa, aka aiko cewa yana kwance. Mahaifina ya so zuwa, amma gwiwoyinsa ko kasuwar kara ba sa kai shi. Ya ce in je a madadinsa. Ya sa aka ɗebo gero daga rumbunmu na Dundaye aka ƙulle mini, ya ce mutanen can masara suke ci.

Na baro gari ana zafi, ko ɗigo bai sauka ba. Bayan kwanaki a hanya mota ta fara hawa tana nishi, har na hangi gajimare a ƙasa da mu. Ko'ina ciyawa shar, shanu a warwatse a kan tuddai. Inda hanyar mota ta ƙare na tarar da babban ɗan baffa yana jirana. Hausarsa kaɗan ce, ni kuma ba na jin Fillanci, sai muka yi ta tafiya cikin yayyafi. Da ya ga ina rawar ɗari cikin shaddata, ya cire bargonsa ya yafa mini.

Na sami baffa kwance kusa da murhu, ya rame ƙwarai. Ya daɗe yana kallona. Da ya buɗe baki sai na ji Sakkwatanci tsantsa, irin na tsofaffinmu.

"Mi ya hana yayana zowa?"

Na gaya masa. Ya gyaɗa kai, ya shiga tambayar mutane: mahaucin da ke maƙwabtaka da mu, limamin unguwa, abokinsa na kokawa. Kowanne sai in ce Allah ya yi masa rasuwa. Can ya daina tambaya.

"Ashe ni da yayana anka bari," ya ce.

Washegari daga kwance ya riƙa gaya wa matarsa yadda za ta surfa geron ta yi fura. Aka dama da nonon shanunsu. Bai sha da yawa ba, amma ya ƙi sakin ludayin. Ya tambaye ni daga wace gona ne, na ce ta gindin gawo. Ya ce nan ya koyi riƙon fartanya.

Ranar da zan tafi hazo ya ɗan ja, aka fito da shi ƙofar ɗaki. Ya ce kowace shekara yakan yi niyyar komawa gida bayan damina, sai kuma wata daminar ta riske shi.

"Ka ce mai ya yahe min."

Na dawo na tarar an yi shuka. Na isar da saƙon, mahaifina ya ce babu abin yafewa, ya tashi ya shiga ɗaki. Baffa bai kai Babbar Sallah ba. Mahaifina ya zauna a zaure yana karɓar gaisuwa, kuma yawancin waɗanda suka zo ba su taɓa ganin mamacin ba.