Balan-balan a Saman Benenmu

Ni dai tun ina yaro in aka ce mini abu kaɗan ya isa, sai na ƙara. Da furfurata da komai ban daina ba. Karatuna bai wuce in iya sa hannu ba, amma ranar da 'yata ta ce za ta koya wa 'ya'yanta yadda iska mai zafi ke ɗaga abu sama, ni na fi kowa baki.

A gida take koyar da su, a ɗakinmu na unguwar Tandabawi, a nan Makka. Igamarmu, takardar zama, ta mutu tun bayan rasuwar mijinta, kuma babu makarantar da za ta karɓi yaro ba takarda. Shi ya sa muke zaune shiru, ko faɗa ba ma yi da ƙarfi. Duk abin da zai kawo askar, wato 'yan sanda, ƙofarmu muna gudunsa, don in suka zo takarda za su fara tambaya, daga nan sai tarhil, a zuba mu a jirgi.

Ledar sufura na kawo musu, irin wadda ake shimfiɗawa a ci abinci, ragowar da na tsinto a Mina lokacin da nake dako. Suka liƙe ta kamar buhu, suka yi mata baki da waya, suka ɗaura guntun kyandir da dogon zare. Da la'asar muka gwada a saman bene, ta kumbura kaɗan ta kwanta.

"Zafin Makka ya yi yawa, Baba," in ji 'yata. "Sai da safe, in gari ya yi sanyi."

Babbar jikata, wadda nake kira amaryata, ta dube ni, ta kira ni kaka da Larabci. "Ya jaddi, balan ɗin irinka ne, tsohon mijina. Cika baki, ba tashi."

Wannan maganar ce ta ci ni. Washegari bayan asuba, uwarsu na haɗa shayi, na haye sama da yaran. Na cire kyandir, na yago gefen tsohon haramina, na tsoma shi a kananzir, na ɗaura a wayar. Na ce, "Amarya, yau za ki ga miji."

Balan ya tashi kuwa, sai da yaran suka yi tsalle. Amma kafin in gama washe baki, wutar ta lashe zaren. Guntunsa kawai ya rage a hannuna.

Wanda ya san unguwarmu ya san rufin gidaje a manne suke, kuma kowa a sama yake ajiye tarkacensa: katifu, kwalaye, shanya, tukunyar gas. Balan ɗin ya bi iska a hankali yana ɗigar da leda mai wuta. 'Yata ta hau da tiren shayi, ta gani, ta ajiye shi a ƙasa ba ƙara, ta jawo yaran jikinta. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

A gida na uku ya sauka, kan katifar wata Hajiya, Bahausa ce amma haifaffiyar nan, 'yar ƙasa. Hayaƙi ya tashi, tukunyar gas na jingine kusa. Ta fito da wayar salula a hannu. Na tsaya ina kallon wayar nan, ban ma ƙara duban wutar ba. Ta dube mu, ta dubi yaran, sannan ta sa wayar a aljihu ta sheƙa wa katifar bokitin wanki.

"Halas, ya isa haka, ya Hajji!" ta ɗaga murya. "Ka girma mana!"

To amma wa ya san wanda ya ga hayaƙin? Yinin ranar ba a yi karatu ba. Duk takun da muka ji a matakala sai mu yi tsit. Mai kawo ruwa ya buga ƙofa, na tsinci kaina a banɗaki, tsoho da ni. Babu askar ɗin da ya zo.

Da yamma jikata ta zauna kusa da ni. Na jira tsokana, har na shirya ramuwa. A nan Makka aka haife ta, ko Jidda ba ta taɓa zuwa ba.

"Kaka," ta ce, "in aka mayar da mu Najeriya, gidan wa za mu sauka?"