Irin Geron Inna Tumba

A gidanmu na Horo Birni akwai abu guda da yaro bai isa ya kalla sau biyu ba: damin irin gero da ke rataye a ɗakin girki, daidai inda hayaƙi yake bi. Na Inna Tumba ne, mahaifiyar babanmu. Lokacin girbi, kafin a kai gero rumbu, ita ke bin dammuna tana zaɓen zangarniya ɗaya bayan ɗaya, doguwa, mai cikakken ido. Ta ɗaure da hannunta, ta sa a rataye, hayaƙi ya tsare mata shi daga ƙwari har damina.

Bayan magariba, idan an sauke tuwo, wutar murhu ta koma garwashi, sai ta jawo tabarmarta ƙarƙashin damin nan, mu jikoki mu kewaye ta. Ba mai yawan dariya ba ce, kuma an ce ita na biyo. Amma idan ta gyara murya ta ce, "To ga ta nan tahe, wanda bai shirya ba shi tashi," ko tari ba ka ji. Har yau in na shaƙi hayaƙin kara, bayana yakan nemi gwiwarta.

Shekarar da nake son faɗa, ban fi shekara tara ba. Damina ta yanke da wuri, kafin bazara rumbu ya nuna gindinsa. Kunu muke sha sau ɗaya, mai ruwa-ruwa. Wata rana da tsaka, manya sun tafi rijiya, na kifa turmi na hau, na zaro zangarniya biyar daga tsakiyar damin, inda na ɗauka ba za a gane ba. Na murje biyu na tauna a bayan rumbu. Uku na tura cikin jinkar akurkin kaji, na gobe.

Da yamma Inna ta shigo ɗakin girki, ta ɗaga kai ta dubi damin, ta dubi zoben da bakin turmi ya bari a ƙasa. Ta juya ta ci gaba da aikinta. Na fi son da ta ɗauko tsumagiya.

Da muka zauna ta dube ni ta ce, "Wagga ta yau ba ta dariya ba ta. Ke Hadiza, matso nan kusa, kunnenki ya hi nisa."

Ta ce wata mata ce ta yi baƙuwa, kyakkyawa, mai ladabi, da zane mai tsabta. Sunanta Yunwa, amma ba ta faɗa ba. Ta ce kwana biyu za ta yi. Ta ci na kwano, ta ci na tukunya, ta ci na rumbu, kullum tana godiya tana sa albarka. Da komai ya ƙare sai ta kwanta rigingine, ta hango dami a rataye.

Inna ta sirantar da murya: "'Uwar gida, mi na na wancan bisa?' Tac ce, 'Ɗiyana na, waɗanda ba a haihwa ba tukuna.' Baƙuwa tac ce, 'Allah shi raya. Ai suna da yawa. Guda ɗai za mu taɓa, wa ka sani?'"

Guda ta zama biyu, biyu ta zama goma, har igiya ta rage tana lilo ita kaɗai. Sai ga hadari, ruwa ya sauka, gari ya fita shuka. Matar nan kunya ta hana ta zama a gida. Ta ɗauki sungumi da ƙwarya ta bi mutane. Ta sari rami, ta sa hannu a ƙwaryar da babu komai, ta yi kamar ta zuba, ta rufe da diddige. Haka ta yi gonar kaf, maƙwabta suna yi mata sannu da aiki tana amsawa.

"Kwana huɗu," in ji Inna, "gonar kowa tay yi kore. Ita ko tana tsaye bakin tata, baƙuwa na riƙe mata da lema."

Nan na tuna da daminmu. A raina na ga babanmu a gona da ƙwaryar da babu komai. Na miƙe.

"Ina za ki, ƙawata? Tatsuniya ba ta ƙare ba."

Na ce fitsari. Na ruga akurki, na zaro ukun nan, kaji suna ta kuka suna tona mini asiri. Na daɗe a tsaye kafin ƙafata ta yarda ta koma. Da na iso yara sun watse, an gama. Na ajiye zangarniyar a gefen tabarmarta. Ta shafa su da yatsa, ta ce, "Biyun hwa?" Na nuna cikina. Ta ce, "To, waɗannan cikinki anka shuka su. Mu ga abin da za ki tsiro." Ta turo mini ragowar kununta, wanda na san tun safe shi ne rabonta.

A shekarar binne muka yi, wato muka shuka a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai zo ba. Ni ta sa a gabanta, tana duba hannuna rami bayan rami. Geron ya yi. Ita ce ba ta kai wata daminar ba.

Da aka kawo ni aure Bodinga, cikin kayana har da zangarniya bakwai daga jikokin damin nan. Ban taɓa barin shekara ta wuce ban shuka shi ba, don iri in ya daɗe a rataye mutuwa yake yi a tsaye, ba ka sani sai ka zuba. Yanzu 'ya'yana albasa suka sa gaba, irinsu a leda suke sayowa. Babban ya ce mini, "Inna, wanga gero naki wahala ɗai na." Na ce wahalar ce ta yi maka ƙashin da kake tsaye a kai. Duk da haka gonar suka mayar ta albasa, suka bar mini ɗan fili a bayan gida. Gwiwa kuma ta fara ƙi.

Jikata Hafsatu, mai zuwa makaranta, ta gaya mini wai a Turanci kalma guda ce ta ɗauke shuka da dashe da binne da tsiron kansa, har da gidan injuna. Na ce to ni ban yi boko ba, amma na san mai binne da mai dashen albasa ba fargaba ɗaya suke kwana da ita ba. Ta yi dariya. Ranar na ba ta tatsuniyar, tana ji tana latsa waya, na ɗauka a banza na ɓata bakina.

Da ruwan bana ya sauka, na fito da sungumi sai na tarar da ita riƙe da ƙwarya. Ina sara, tana zubawa. Mun kai tsakiya ta ce, "Kaka, matar nan mai ramukan wohi, mi yaf faru da ita daga baya?"

Na tsaya. Shekara sittin da wani abu, babu wanda ya taɓa tambayata. Waɗanda suka ji ƙarshen duk sun bi Inna Tumba, ni kuma kunya ta hana ni tambaya lokacin da akwai mai faɗa.

Na ce, "Ban sani ba. Ina wajen kaji anka ƙare."

Ta buɗe baki za ta sake magana. Na ce, "Buɗe hannunki in gani." Ta buɗe. Akwai iri a ciki.

"To zuba. Ki rufe da diddige, ba da yatsu ba."