Lomar da Tsohon Habasha Ya Sa Mini a Baki

Funtuwa zuwa Kaduna

Da sauran duhu na fita daga gida. Na yi asuba a masallacin tasha, na shiga wata tsohuwar fijo, aka loda mu kamar buhunan masara.

Ga abin da ya fitar da ni. Rakiya, 'yar yayana marigayi, nas ce a Abuja. Ta kawo miji, wai injiniya ne mai gina hanyoyi, Musulmi, amma mutumin ƙasar Habasha. Ubansa ma ya taso takanas daga ƙasarsu don neman auren. Ni ne waliyyinta, kuma ta rantse in na ce a'a magana ta mutu. Na ce kafin su tako gidanmu sai na fara ganin irin nasu zaman. Uwarta Habi ta ce, "Je ka gani da idonka, Isuhu, kada ka yanke hukunci a gindin bishiyar facinka."

Ban so tafiyar ba. Tun da aka rufe masaƙa a Kaduna aka watsar da mu na koma facin taya, ba na son jin sunan Abuja. Farar hula sun dawo, ana ta cewa kuɗi sun zo gari, mu dai a rediyo muke jin su.

Kafin Zariya 'yan sanda suka tsayar da mu. Ɗaya ya leƙo ya ce, "Baba, me ke cikin ledar nan?"

"Daddawa da busasshiyar kuɓewa."

"Ba wani abu na yara?"

Na ce, "Nawa yaran ma ba su samu ba."

Direba ya roƙe ni don Allah in kama bakina har mu isa. A tashar Kawo na sha koko da ƙosai, na canja zuwa bas.

Kubwa da Dei-Dei

Mun wuce Tafa, muka ga Dutsen Zuma, muka karya kwana a Zuba. Daga nan sai manyan motoci ɗauke da rodi da siminti, kowa da wayar salula a kunne, har mai turin baro. Da azahar na sauka Kubwa, inda Rakiya take zaune.

Rakiya ta durƙusa ta gaishe ni, ta kawo sakwara da miyar agushi. Ina ci tana murza gefen mayafi.

"Baffa, gobe don Allah ka ci abin da aka ba ka."

"Da cokali mai yatsu? So kike in soke leɓena a gaban baƙi?"

"Da hannu suke ci, Baffa."

Na ce ta raina mini hankali. Wanda ke zaune a Maitama, unguwar manya, kamar yaron nan, ai ko gyaɗa da cokali zai ci. Da la'asar na koma Dei-Dei, na kwana wurin wani mutumin garinmu mai sayar da kwanon rufi.

Maitama

Da hantsi aka aiko direban kamfanin su yaron ya ɗauke ni. Bitrus sunansa, mutumin Filato, Hausarsa irin ta Abuja. Muna tafiya yana nuna mini gidaje, kowanne da tuta da maigadi. Na ce, "To ina mutanen?" Ya ce, "Oga, mutane yana ciki, shi ba ya son rana."

Na yi zaton tebur za a kai ni. Sai ga darduma a ƙasa. Tsohon, uban yaron, Alhaji Nuru, siririn dattijo ne mai farin gemu, ba ya jin Hausa, Turancinsa kuwa bai fi nawa ba. Akwai abokan aikin yaron biyu, Ba'indiye da wani dogo ɗan Sanagal, kowa ya sa an dafo abincin ƙasarsu don a karrama ni. Shi yaron, Abdulƙadir, da kansa ya riƙe buta da tasa ya zuba mini ruwa na wanke hannu. Wannan ya yi mini, ban dai nuna ba.

Rakiya ba ta yi ƙarya ba, ko cokali ɗaya ban gani ba. Ba'indiye ya cuɗa shinkafarsa mai yaji da kan yatsu, ya tura ta baki da babban yatsa, tafinsa ko maiƙo babu. Ɗan Sanagal shinkafa da kifi ya kawo cikin faranti ɗaya, yana dunƙulawa a tafi kamar mu, yana gutsurar kifi yana jefawa gaban na kusa da shi. Na Habasha shi ya fi ba ni mamaki. Wata ƙatuwar sinasir ce mai launin toka, duk huji kamar saƙar zuma, an shimfiɗa ta a tire an zuba miya iri-iri a kai. Ita ce kwano, ita ce cokali, ita ce tuwon.

Sai kawai na ga Abdulƙadir ya naɗe ƙafa ya zauna daf da ni, ya sa hannu. Raina ya ɓaci. A garinmu wane yaro ne zai ci abinci a gaban wanda zai ba shi mata? Ko ruwa aka kawo sai ya kau da kai. Ni ma ba zan buɗe baki ina tauna a gaban surukai ba. Na janye hannuna na ce alhamdu lillahi, na ƙoshi.

Tsoho ya dubi ɗansa, ɗan ya sunkuyar da kai. Ta bayan labule na ji an yar da murfin tukunya, na san Rakiya ce.

Bitrus ya matso bayana ya rage murya. "Oga, ka ɓata aiki fa. A wurin su, in ka ƙi ci tire ɗaya da mutum, ka ƙi shi ke nan. Baba yana gani kamar ka ce ba ka ba da yarinya."

"Ni kunya nake yi musu!"

"Su ba su san wannan kunyan ba, Oga."

Ban gama haɗiye wannan ba sai tsoho ya yago sinasir ɗin, ya naɗe nama da miya a ciki, ya miƙo hannu har bakina. Na ja da baya. Na ce, "Bitrus, ni jariri ne ko majinyaci?"

"Girma ne, Oga. Sai wanda suke so suke ba shi a baki."

Tsohon bai sauke hannu ba. Miya tana bin yatsunsa tana gangarawa cikin hannun farar rigarsa, idonsa na kaina. Na tuna rabon da wani babba ya tsaya jirana tun ina masaƙa. Ofisoshin da muka yi ta zarya neman haƙƙinmu ko kujera ba a ba mu. Ga dattijo ya ƙetaro ƙasashe, yana ɓata rigarsa saboda mai faci.

Na ce bismillahi, na buɗe baki.

Tsami kamar kamu ya kwana uku, yaji kuwa har cikin kunne. Hawaye suka zubo mini, Ba'indiye yana dariya yana miƙo ruwa. Na ɗaga murya na ce, "Rakiya! Ina tuwon da na ji ƙamshinsa?" Ta fito da jan ido, ta ajiye tuwon shinkafa da miyar kuɓewar da na kawo. Na yanko loma irin ta manoma, na mulmula, na tsoma, na nufi bakin tsoho. Kuɓewa ta ja zare daga kwano har gemunsa. Ya haɗiye da ƙyar, ya riƙe hannuna ya ce, "Masha Allah."

Na ce wa Bitrus, "Gaya musu su zo Funtuwa su nema yadda ake nema, za a ba su. Amma shi wannan, in ya zo, a zaure zai ci nasa shi kaɗai."

Abdulƙadir ya ce da Hausarsa mai gargada, "Na yarda, Baffa."

Komawa gida

Washegari Bitrus ya kai ni Zuba, na samu mota mai zuwa Funtuwa kai tsaye. Taya ta fashe mana bayan Kaduna, ni na canja ta, don direban ko jak bai iya kafawa ba. Kafin magariba ina ƙofar Habi.

Ko zama ban yi ba ta ce, "Yaya ka gan su?"

Na ce, "Abincinsu ba daɗi. Amma mutanen da za su sa wa baƙo loma a baki kafin su kai tasu, ba za su bar 'yarki da yunwa ba. Ki fara tanadin gara."

Ta rufe fuska da gyale tana ta hamdala.

Na gode wa Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni lafiya. Na gode wa mai masaukina na Dei-Dei, na kuma gode wa Bitrus, wanda ba don shi ba da kunyata ta kashe auren marainiya.