Kuwabara Sumie da Hoton da Aka Bari Wajen Lema

Idan doka ta yi zalunci, mai gadin da ya tsare mata ƙofa yana da alhaki ko ba shi da shi? Mai wannan rubutu ya daɗe yana juya tambayar, bai samu amsa ba. Ga dai tarihin matar da ta jawo ta.

Haihuwa da karatu

An haifi Sumie a shekarar 1941 a garin Uozu na bakin teku. Mahaifinta Hamada Genzo masunci ne, mahaifiyarta Kiku kuwa sana'arta busar da kifi. Bayan ta kammala ƙaramar sakandare a 1956, sai ta kama aiki a masaƙa.

Aure da zuriya

A 1964 ta auri Kuwabara Shoji, ma'aikacin jirgin ƙasa, suka haifi Takuro da Nozomi da Emi.

Shari'ar Nozomi

A kakar 1988 wani mutum da Nozomi ta ƙi saurara ya daɓa mata wuƙa a tashar mota, ta rasu tana da shekara goma sha tara. Babu hukumar da ta ga dacewar sanar da iyayenta ranar zaman kotu. A jarida suka gani, kamar kowa. Da yake da ƙuri'ar sa'a ake raba kujerun 'yan kallo, kuma 'yan jarida sun cika layi da mutanensu, uwar mamaciya ba ta ci ƙuri'ar ba, ta wuni a waje cikin ruwan sama.

A zama na biyu ta samu kujera, ta zo rungume da hoton 'yarta da aka ɗaura wa baƙin ƙyallen makoki. Mai gadi, Oguri Tadashi, ya tare ta.

"Mama, hoto ba ya shiga. Zai tayar wa wanda ake tuhuma hankali."

"Au, shi ne abin tausayin? To ina zan kai ta?"

"Ga wajen ajiye lema can."

"Malam, 'yata lema ce?"

Bai matsa ba. Haka aka yi shari'ar har ƙarshenta: makashi yana da lauya da kujera da damar magana, wadda aka kashe kuwa tana jingine cikin jiƙaƙƙun lemomi.

Ƙungiyar rakiya

A 1991 Sumie ta kafa ƙungiyar raka iyalan waɗanda aka cuta da shaidu zuwa kotu, a wani ɗaki saman shagon taliya. Su ke binciko ranar zama, su bi layin ƙuri'a a madadin iyali, su fassara maganar lauyoyi, su zauna tsakanin shaida da dangin wanda ake tuhuma. Mijinta ya rasu a 1998. Daga bisani alƙalai suka fara barin hotuna su shiga, ba tare da wani ya nemi afuwa ba, alhali shari'ar Nozomi ta daɗe da rufewa.

A 2003 Oguri ya yi ritaya, ya zo neman shiga ƙungiyar.

"Tsare ƙofa ka iya," in ji ta. "To, ka dinga riƙe wa shaidu lema."

Ya riƙe, bai taɓa ƙorafi ba, bai kuma taɓa cewa ya yi kuskure ba. Da ta tsufa ta roƙe shi abu guda, cewa shi da hannunsa ya shigar da hoton Nozomi ta ƙofar kotun nan.

"Da wane ido, Mama? Aikina na yi."

Rasuwa

Ta rasu a Fabrairun 2014 bayan jinyar ciwon huhu. An ƙona gawarta bisa al'adar ƙasarsu, iyalinta suka tsince ƙasusuwan, aka binne su a kabarin gidan Kuwabara tare da na mijinta da na Nozomi. Ta bar 'ya'ya biyu, Takuro da Emi, da jikoki uku.

Bayan addu'ar kwana arba'in da tara da suke yi wa mamaci, Oguri ya je gidan Takuro ya ari hoton. Washegari ya raka wata shaida kotu, ya ajiye lemarsa a waje, ya wuce mai gadi, ya zauna a sahun gaba. Ya ɗora Nozomi a kan gwiwarsa, fuskarta tana kallon alƙali.