An Binne Nikodimu Babu Waƙa

Duk wanda ya yi sujada a ƙaramar majami'ar Kazaure bayan samun 'yancin kai ya san muryar Dinatu. Ɗaki ne guda mai rufin kwano, benci shida, maza a dama, mata a hagu. Abin kiɗa babu, sai tulu ɗaya da ake buga bakinsa da tafin hannu. Don haka sai da mai ɗaga waƙa, wadda za ta fara, ta ajiye murya inda kowa zai iya kaiwa, sannan jama'a su amsa. Shekara goma sha huɗu, Dinatu ce.

Daga kudancin Zariya suka zo ita da mijinta Nikodimu, a 1961. Shi direban tifa ne a aikin hanya, ita tana toya ƙosai a ƙofar gida. Mutum ne mai son waƙa, sai dai Allah bai ba shi murya ba. Yana buɗe baki daga bencinsa na gaba kusa da taga, Dinatu za ta juyo ta harare shi, ya yi shiru yana murmushi.

A hanyar gida sai ya ce, "Maman Saratu, yau ma kin hana ni yabon Ubangiji."

"Yabo ne wannan, Baban Saratu? Na ɗauka tifarka ce ta ƙi tashi."

"Wanda ya yi maƙogwaron ai ya san abin da ya sa a ciki."

"To ka yi masa a mota. A majami'a ka bar wa masu iyawa."

"Na ji. Amma ranar da za a sa ni a ƙasa, a yi mini waƙa har a gama rufewa. Ranar in na amsa, babu mai hararata."

Ta yi dariya ta ce ta ɗauki alkawari.

Ba shi kaɗai ta yi wa haka ba. Biriskila matar tela ta taɓa gwada ɗagawa, ta kama da tsayi, Dinatu ta yi gyaran murya ta karɓe. Biriskila ba ta sake ba. Ba mugunta ba ce. Ita dai a ganinta abin da za a miƙa wa Allah dole ya fita ba tangarɗa. Malam Manassa mai bishara ya taɓa jan ta gefe.

"Mama, waƙar sujada ba ta mai murya ba ce, ta jama'a ce. Wanda bai yi karatu ba, a waƙa yake riƙe Maganar Allah. Wanda baƙin ciki ya rufe wa baki, 'yan'uwa su yi a madadinsa."

"To ai ina yi musu, Malam."

Ya dube ta, ya wuce.

Da kuɗin man fetur suka shigo, aikin hanya ya ƙaru, Nikodimu ba ya zama. A daminar 1975 tifarsa ta kife da lodin marmara a wajen Roni. Kafin la'asar aka kawo gawarsa gida.

A al'adar mutanensu, matar mamaci ba ta waƙa. Zama take yi a tabarma cikin mata, a yi mata. Washegari da hantsi aka kai shi maƙabarta, aka sauke akwatin, Malam Manassa ya yi addu'a, ya ce, "A ɗaga mana waƙa."

Kowa ya juya wajen Dinatu. Haka suka saba. Tana zaune, kanta lulluɓe, sai a lokacin suka tuna.

"Biriskila, ki taimaka," in ji Malam.

"Malam, ban san inda ake kamawa ba."

"Kama ko'ina, 'yata."

Ta kama. Muryar ta fita siririya tana rawa, ta yi sama. Ba ta kai ƙarshen layin farko ba ta waiga wajen tabarma, kamar mai jiran gyaran murya, ta tsaya. Wani dattijo ya gwada daga cikin maza, ba wanda ya gane wace waƙa ce.

Dinatu ta miƙe. Wata tsohuwa ta riƙe mata zane.

"Ba a yi, 'yar nan. Zauna."

"Iya, sake ni. Na yi masa alkawari."

Ta matsa bakin kabarin, ta ja numfashi, ta buɗe baki. Iska ce kawai ta fito. Ta sake, ta kuma sakewa. Matar da ake jin muryarta daga bakin titi, ko kalma ɗaya ta kasa. Malam Manassa ya buɗe littafin waƙoƙi ya karanta baitocin kamar wasiƙa, ana tura ƙasa. Ban da muryarsa, ƙarar shebur kawai ake ji.

Magana ta dawo mata bayan kwana biyu. Waƙa ba ta dawo ba.

Da ta gama zaman makoki, ta je zumuntar mata ranar Alhamis, ta ɗauki kujera ta juya fuskarta ga bango.

"Kowacce za ta ɗaga, ɗaya bayan ɗaya. Ba zan juyo ba. Biriskila, fara."

"Mama, in na yi tsayi fa?"

"Mu bi ki can."

Haka ta yi kowace Alhamis. Kafin shekara ta zagayo, mata bakwai suna ɗaga waƙa a majami'ar, wata da tsayi, wata da sanyi. Ita kuwa ta koma bencin baya, tana buga tulu, leɓenta na motsi.

Bayan 'yan shekaru wani birkila, Barnabas, ya zo aiki garin. Lahadinsa ta farko ya saki wata irin murya har 'yan matan zumunta suka sunkuyar da kai suna ƙunshe dariya. Da aka tashi, ya lura da tsohuwar nan mai buga tulu tana kallonsa, ya zo ya rusuna.

"Mama, a yi haƙuri. Na san muryar tawa ba ta da daɗi. Zan riƙa yi a hankali."

Ta waiga wajen taga.

"Ranar Lahadi ka koma bencin gaba, kusa da taga," ta ce. "Ka ƙara ƙarfi."

Ta ajiye tulun a kusurwa ta fita. Ba hanyar gida ta bi ba, ta maƙabarta ta bi.