Ranar da 'Yan Makaranta Suka Hau Soro

"To, su nawa ne yaran?" in ji Malam Jumare, yana kankare busasshiyar ƙasa daga yatsunsa.

"Talatin da takwas, Baba. 'Yan aji uku ne na ƙaramar sakandare."

"Malama, ziyara za ku kawo mini ko yaƙi?"

Malama Radiya ta yi dariya. Ta ce bara sun kai ɗalibai jami'a, suka leƙa ɗakin gwaje-gwaje ta taga, ba a bar su sun taɓa ko kwalba ba. Bana so take su je inda za su sa hannu. Kullum suna wuce soraye a hanyar makaranta, amma ba wanda ya san yadda rufin ƙasa ke tsayawa.

"Ni ban yi boko ba, 'yata. Me zan gaya musu?"

"Kai dai ka yi aikinka. Su za su ishe ka da tambaya."

Malam Jumare magini ne ɗan magini, haifaffen Ƙofar Kibo, ya ba sittin baya. Tun yana ɗan shekara goma yake cilla wa mahaifinsa tubali sama. Yanzu bulo da kwano sun cinye sabon gini, abin da ya rage masa gyara ne: yaɓe kafin damina, da sauya azarar da gara ta ci. Amma ba gwaninta kaɗai ta sa ake nemansa ba. A cikin birni gidaje manne suke da juna, wanda ya hau rufi ɗaya yana ganin tsakar gida huɗu. Shi ya sa magini ba ya taka tsani sai an sanar da maƙwabta cewa za a hau sama, mata su kimtsa ko su shige ɗaki. In kuwa ya hau, idonsa na kan hannunsa. Shekara arba'in ba a taɓa kai ƙarar Jumare wurin mai unguwa ba, kuma da wannan amanar yake cin abinci.

A makon nan soron gidan Alhaji Haruna yake yaɓewa. Ranar Alhamis da aka sa, ya sanar da maƙwabta cewa zai hau bayan azahar, shi kaɗai. Da safe kuwa a ƙasa za a yi komai.

Yaran suka iso da hantsi, a jere, farin yunifom sai ƙyalli yake. Jumare ya dube su ya girgiza kai. "Iyayenku mata za su tsine mini yau."

Kafin a jima maza sun naɗe wando suna tattaka ƙasa da ciyawa, mata suna mulmula tubali. Wata mai suna Munira ta ɗaga nata ta ce, "Baba, don me ba a yin sa da kusurwa kamar bulo?"

Ya karɓa ya dasa shi a ƙasa, gindi a ƙasa, tsini a sama, ya jera wasu a gefensa, ya watsa kwaɓi a tsakani. "Tura ki gani." Ta tura, bai motsa ba. Ta ƙara ƙarfi, ƙawayenta suna mata tsiya wai ba ta karya kumallo ba. Jumare ya ji wani daɗi da ya daɗe bai ji ba. 'Ya'yansa uku ba wanda ya taɓa yi masa wannan tambayar.

Daɗin ne ya sa ya ja Malama da 'yan matan cikin soron don su ga yadda aka ɗaure rufin daga ciki. Ya manta tsaninsa a jingine.

Malam Suhail, saurayin da ke koyar da lissafi wanda ya rako su, a gidajen ma'aikata na unguwar Kongo a wajen birni ya tashi, inda kowa ke shan iska a bene. Ya ga tsani, ya kira yara maza shida su hau su auna faɗin rufin. Da suka hau ya ɗaga waya zai ɗauke su hoto.

Daga gidan da ke manne aka ji faɗuwar kwano, aka ji gudun takalma, sannan muryar mace: "Wane ne a sama?"

Jumare ya fito da sauri. Bai ɗaga murya ba. "Ku sauko. Ɗaya-ɗaya, kowa ya kalli ƙafarsa."

Kafin na ƙarshe ya dira, mai gidan, Malam Abdulbaƙi mai ɗinkin hula, yana tsaye a ƙofar zaurensa, allura a hannu.

"Malam Jumare, bayan azahar ka ce."

"Haka na ce."

"Kai kaɗai ka ce."

"Haka ne."

"To wannan tsanin ya gama tsayawa a lunguna."

Babu wata hanyar hawa soron sai ta lungun nan, ga hadari ya fara haɗuwa da yamma. Wannan ma mai sauƙi ne. Kafin la'asar duk unguwa za ta ji cewa Jumare ya hau da samari da waya, kuma ba gidan da zai ƙara kiransa.

Suhail ya matso yana cewa laifinsa ne, bai sani ba. Jumare ya dafa kafaɗarsa. "Baƙo ba ya laifi a inda ɗan gari ke tsaye. Tsanina ne, ni na bar shi." Ya tuɓe takalmi ya tsuguna a bakin zauren, gaban mutumin da ya girme wa da shekara goma sha biyar. Ya ce Suhail ya miƙa wayar. Abdulbaƙi ya duba: haƙoran yara ne da sararin sama, sai hoto ɗaya da igiyar shanya ta fito a gefe. Ya goge shi, amma fuskarsa ba ta saki ba.

Malama Radiya ta yi sallama ta shiga cikin gidan. Ta daɗe. Yaran suna jira a waje, ƙasa tana bushewa a ƙafafunsu.

Da ta fito ta ce, "Iya ta ba ni saƙo." Iya ita ce mahaifiyar Abdulbaƙi. "Ta ce ran matan ya ɓaci, kuma da gaskiyarsu. Ta ce amma tun Jumare yana tafe bayan ubansa take jin takunsa a sama, bai taɓa sa ta rufe kai da gudu ba sai yau, a bar shi ya gama yaɓensa. Shi kuma malamin mai waya, in tsakar gida yake son gani, ya yi aure."

Wani yaro ya fashe da dariya, sauran suka bi. Suhail ya rasa inda zai sa kansa.

Abdulbaƙi ya soke allurarsa a jikin hular. "Bayan azahar. Kai kaɗai."

"In Allah ya yarda."

Jumare ya miƙe, ya kwantar da tsanin a gindin katanga da hannunsa. Malama ta tara ɗalibanta tana ba shi haƙuri, ya ce ba komai, ta dawo da su baɗi, amma ta fara turo masa malaman su yi nasu darasin. Saura gida uku da suka ga kawuna a sama ba sanarwa. Ya zura takalmansa ya nufi ƙofar na farko.